Shamuwar Mudathir

Zuwa ga mijina Zulkifilu, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Ga kacici-kacici, ka riƙe: wane turke ne ba shi da igiya, shi kansa ba ya iya tsayuwa, amma ya ɗaure maraƙi har ya manta hanyar daji?

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, Allah ya ƙara rufin asiri. Mu nan unguwar Bagadaza lafiya lau, in ka cire gwiwoyina da suka shiga yajin aiki tun bara. Ko alwala sai an riƙe ni.

Maganar ƙaninka Mudathir ce. Ka san shi, da ruwan fari ya sauka zai saɓa jakar fenti ya nufi duwatsun Tula, ya dawo baƙi ƙirin, wando duk ƙarangiya, da zanen da in ka kalla sai ka ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tun da na kwanta bai leƙa bayan gari ba. Da safe ya ɗaga ni, ya tafi unguwar Bolari yana zana furanni a bayan keke napep, da azahar ya dawo a guje ya ba ni magani. Masu baje kolin zane sun kira shi daga Abuja, ya ce ba shi da sabon aiki.

Shekaranjiya ya nuna mini wani zane da ya yi a zaure, daga ƙwaƙwalwarsa, ba tare da ya je daji ba. Gona ce an girbe dawa, ga shamuwa tsaye cikin kara. Na tambaye shi ko ita ma shamuwar, wata tsohuwa ce ta riƙe ta, har aka yi girbi ba ta tafi ba. Na zaci zai yi dariya. Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya juya shi ya fuskanci bango. Har yau haka yake, burushinsa ya bushe.

Na ce ya tafi, ya ce wa zai ɗaga ni. To kai nake roƙo: ka zo ka ɗauki tsohuwar matarka kafin damina ta kama. Ba na son Fatakwal, kuma na so a binne ni kusa da kakanku. Amma zan zo. Ɗan lungu ya ishe ni, ba ni da ci, sai surutu.

Ka gaishe da kishiyata Yusra, da yaranku, Batul da Nabil mai kunnen ƙashi. Maƙwabcinmu Bappayo yana gaishe ka.

Kakarka, Dada Fanta.

Kada ka wahalar da kanka da kacici-kacicin. Turken ni ce.