Aminina ne ya riƙe linzami aka yi wa dokina allura

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya min a rai.

Ni ɗan Gadarif ne, ina ɗinki a kasuwa. Muna da ƙungiyar mahaya, duk shekara bayan yankan riɗi muna doguwar tafiya a kan dawakai, muna yada zango a hanya. Shugabanmu wani dattijo ne mai gonaki a Simsim, Alhaji muke ce masa, shi ke karɓo mana tasrihi, wato takardar izinin tafiya, saboda yana cikin lajna, wato kwamitin unguwa, in babu takardarsa ba mai barin mu taru.

Na daɗe ina ganin abin da ba na so. A ɗaure doki a rana da sirdi a bayansa mutane suna shan jabana, wato gahawa, a inuwa, wani bayan dokinsa ya yi gyambo ya ɗora tsumma ya sake hawa. Wanda nake faɗa wa damuwata shi ne Adamu, aminina tun muna yara, shagonsa na jikin nawa. Kullum cewa yake gaskiyata ce, in na yi magana yana bayana.

Bana a hanyar Mafaza zazzaɓi ya kama ni, na shiga lorin kaya, na ba Adamu dokina Akawal saboda nasa ya gaji. Na roƙe shi in ya ga alamar ɗingishi ya sauka ya ja shi. Da suka iso zango na ga ƙafar gaba ta kumbura amma dokin yana takawa kamar lafiya. Wani mahayi ya gaya min tun hantsi yake ɗingishi, Alhaji ya ce a yi masa allurar kashe zafi kada a ɓata tafiya, kuma Adamu ne ya riƙe linzamin.

Bayan la'asar na tashi gaban kowa na faɗi duk abin da ke raina, ban zagi kowa ba. Alhaji ya ce aibi ne yaro ya koya masa doki. Na juya wajen Adamu ina jiran ya yi magana, sai ya ce, "Ya akhi, dama da ciwonsa ka ba ni shi." Wallahi wannan ta fi allurar yi min ciwo.

Likitan dabbobi ya ce jijiyar ta lalace, ba zai ƙara ɗaukar mutum ba. Ya ce in na yarda na ba da shaida zai kai maganar sama, amma ƙila a hana tafiyar gaba ɗaya, kuma kun san faɗa da ɗan lajna ba ya tsayawa a kan doki, har shagona zai iya taɓawa. Ga shi suna shirin tafiya Shuwak da dawakan nan.

Adamu bai ba ni haƙuri ba, matarsa ya turo wajen matata wai in rufa asiri. Akawal yana turke da ƙafa uku, in ya ji muryar Adamu a waje har yanzu haniniya yake masa.

In ba da shaidar, ko in yi shiru in bar su su tafi? Shi kuma Adamu, da wane ido zan riƙa kallonsa kullum a kasuwa?