Mu Muna Tsaye a Baya

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Binta da yara. Yaya zafin Maiduguri? Mu nan Ƙofar Kuyambana lafiya lau, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi.

Yaya, raina a ɓace yake. Jami'a ta gayyato wani masani ya koya mana nazarin ƙwayoyin halitta da kwamfuta, abin da bincikena kan cutar dawa yake jira ke nan. Kwamfutocin kaɗan ne, sai aka ce manya su fara zama. Farfesoshi suka baje manyan riguna, mu ɗalibai muna tsaye a baya. Wallahi malamina ko taɓa ta bai yi ba, har gyangyaɗi ya yi! Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ko in gwada?" Ya ce, "Rabi, ke dai kalla, lokacinki na zuwa."

Jiya baƙon ya tafi. An lulluɓe kwamfutocin an kulle ɗakin, satifiket kuwa waɗanda suka zauna aka ba.

Ka gaida mutanen gida. Ka roƙa mini Allah Ya ba ni haƙuri, don gobe ma sai na durƙusa na gaishe shi.

Ƙanwarka,
Rabi