Kwanon Guntu

Inna,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Ya gwiwar?

Inna, Guntu ya ƙi cin abinci. Kwana biyar ke nan tunda na ɗauko shi. Ƙarfe shida nake zuba masa in ruga kamfanin ɗinki, in dawo da yamma in tarar da kwanon yadda na bar shi, sai ƙudaje. Haƙarƙarinsa duk sun fito. Karen Baba ne, ba zan iya kallonsa ya mutu a hannuna ba.

'Yarki.

'Yata,

Na gaishe ki. Gwiwa tana nan, ba inda ta je.

Wa ya aike ki? Ranar da aka binne babanki na ce a ba wa wani karen nan, kika hau kuka kamar ɗanki ne. To ba ciwo yake ba. Lokacin da babanki ke gadin sito, ɓarayi sun jefa wa karensa na farko nama mai guba. Shi ya sa ya hore wannan. Ba ya cin abin da aka ajiye aka tafi. Sai kin buga kwanon sau biyu, kin tsaya a kansa ƙyam har ya gama. Kina juya baya zai bari.

Ki rage barci. Allah ya yi miki albarka.

Innarki.

Inna,

Ina gaisuwa. Ya ci! Amma haƙoransa sun zube, ci ɗaya sai ya yi rabin awa. Na rage barcin, shi kuma ba ya farawa sai gari ya waye. Sau uku motar ma'aikata tana tafiya ta bar ni. Jiya shugabarmu ta ce in na sake makara, in bar mata keken ɗinkina akwai masu jira. Da yamma kawai nake ba shi yanzu, ya koma ramewa. Ya zan yi?

'Yarki.

'Yata,

Gaisuwa. Kar ki kuskura ki rasa aiki saboda kare, babanki da kansa sai ya ce ba ki da hankali.

Ki kawo shi ranar hutunki. Ba sonsa nake ba, shekara tara yana zuba min gashi a tsakar gida. Likita ya hana ni doguwar tsayuwa, don haka zan gwada shi daga kan kujera. In ya ƙi, na tsaya.

Ki taho da kwanon.

Innarki.