Jikana Ya Daina Karɓar Wayata

Assalamu alaikum, Malama Jamilatu. Don Allah ki taimake ni da shawara, abin ya tsaya mini a rai kuma ba ni da wanda zan faɗa wa. Ni ba mai kai maganar gida jarida ba ce, na ma sha yi wa mata faɗa a kan haka. Yau ga ni da kaina, sai ki rufa mini asiri ki sakaya sunana.

Ni dattijuwa ce a Gidan Igwai, nan Sakkwato. Maigidana ya yi aiki a kamfanin siminti na Kalambaina har ya yi ritaya, Allah ya yi masa rasuwa shekarun baya. 'Ya'ya duk sun watse. Autar, Mariyatu, tana aure a Birnin Kebbi, namijin yana Abuja, ita kuma babbar tana Fatakwal inda mijinta yake aiki. Ita ce ɗiyar farina, kin kuwa san al'adarmu. Ban taɓa kiran sunanta ba, kuma ba a hannuna ta tashi ba, a wurin goggonta ta girma. Idan ta kira ni gaisuwa ce kawai, an tashi lafiya, ya gida, ya zafi, ya ƙafar. Daga nan sai mu yi shiru mu duka, kowacce tana jiran 'yar'uwarta ta ce sai an jima.

Wanda yake tsawaita wayar shi ne ɗanta Junaid, shekararsa takwas. Ranar Asabar da hantsi sukan kira ni ta bidiyo, uwar ta gaishe ni ta miƙa masa. To amma yaron nan ba ya jin Hausa, in ban da sannu da na gode. Wannan kam laifin iyayensa ne, ba zan ɓoye ba. Iyayen yanzu gani suke Hausa a bakin yaro ƙauyanci ce. Na yi magana, aka ce mini ai makaranta ce da unguwa. Turancin ma da ake taƙama da shi, rabinsa na aji ne, rabi irin na buroka da yake kwasowa a titi.

Ni na yi sakandaren 'yan mata, zamanin da karatu yake karatu. Malaminmu na Turanci mutumin Ghana ne, ba ya wasa. Kowace safiya sai mun miƙe tsaye mun rera kalmomin aiki, "go, went, gone", "eat, ate, eaten", sannan ya ɗauki ɗaya ya ce a juya ta: abin da ake yi yanzu, abin da aka yi jiya, abin da aka riga aka gama, abin da za a yi gobe. Wadda ta kuskure ta sha rula a bayan hannu. Har yau suna nan a kaina daram. Takardar asibiti ba wanda yake karanta mini. Sai dai hira da Turanci ban taɓa sabawa da ita ba, harshena nauyi yake yi. Idan yaron ya ɓarke da surutu rabi nake kamawa, kuma abin da kunnena yake fara cafkewa shi ne kuskuren.

Zai ba ni labarin jiya ya ce "I go", ko ya ce "I eated". Ni kuwa ba na iya jin ɓarna in yi shiru, ba haka aka rene ni ba. Sai in tsayar da shi in sa ya juya kalmar tun daga yanzu har gobe. Da farko yana so, idan ya ci har tafa wa kansa yake yi. Na ji daɗi ƙwarai, na ce ko ba komai ina da abin da zan bar wa jikana. Tun tsakiyar mako nake zaɓar kalmomin da za mu yi, ina tsintar shinkafa ina maimaita su.

Wata Asabar kafin azumi, tun uwar ba ta gama gaisuwa ba ya fizge wayar, yana haki. An yi wasan ƙwallo a makarantarsu an saka shi. Ya ce ya karɓi ƙwallo ya ruga, sai ya ce "I runned", na tsayar da shi muka gyara. Ya ci gaba, ya wuce yaro ɗaya, ya sake ɓata kalma, na sake tsayar da shi. Ya kai inda saura shi da mai tsaron gida, ya kuma kawo labarin jiya da kalmar yau, na ɗaga masa hannu na ce a koma baya. Sai ya dube ni. Bai yi rashin kunya ba, gaskiya. Ajiye wayar kawai ya yi a kan kujera. Na daɗe ina kallon fankar falonsu tana juyawa, ina kiran sunansa, kafin uwar ta zo ta ce ya fita waje. Malama, har yau ban san ko ƙwallon nan ta shiga raga ba.

Tun daga ranar, in an kira sai a ce yana Islamiyya, ko yana wanka, ko ya tafi gidan maƙwabta. Ranar salla aka kamo shi ya ce barka da salla ya zille. Sai kwanan nan Mariyatu ta zo mini da saƙo, tana ta kewaye-kewaye. Wai yayarta ta ce a roƙe ni in bar darasin nan, yana da malamai. Wai sun shirya kawo shi Sakkwato dogon hutu, ya yi ta kuka ya ce ba ya zuwa, gidan Inna makaranta ce.

Ni abin da ban gane ba, yaushe gyara ya zama laifi? Yaron da bai san bambancin jiya da gobe a magana ba, me zai rubuta ranar jarrabawa? Mu da aka buga mana rula ba mu gudu daga iyayenmu ba, godiya muke yi. Yanzu ɗan shekara takwas ne zai ce ba ya zuwa, a ce to. Kuma a ce uwa sai an aiko mata 'yar aike a kan tarbiyyar jikanta. Na so in kira ta in faɗa mata haka, amma ta yaya? Shekara arba'in ban taɓa yi mata doguwar magana ba.

Gidan nan ya yi mini faɗi. Daga ƙofa ina jin keke napep da masu shago da masu tuya suna ta hidima, amma cikin gida daga ni sai rediyo. Abincin mutum ɗaya ma wuyar dafawa gare shi. Yanzu wayar Asabar ba ta kai a sha kofin ruwa ba ta ƙare. Ɗakin da na sa aka gyara masa, har da sabon gidan sauro, yana nan a rufe.

Ki faɗa mini gaskiya. In tsaya a kan bakana, ko in zuba ido yaro ya tashi da karkataccen harshe don a ce ina da kirki? Kuma ga abin da ya fi damuna, wanda ban faɗa wa ko Mariyatu ba. Idan na bar juya kalmomin nan, me zan ce masa? Ba ni da wani Turancin sai wannan, shi kuma yaron ba shi da Hausa.

Daga Innar Junaid, Gidan Igwai, Sakkwato.

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan maigida, ya albarkaci zuriya.

Bari in fara da inda kike da gaskiya. Juya kalmomin aiki shi ne ƙashin bayan Turanci, wanda bai riƙe shi ba zai sha wuya a rubutu. Kuma iyayen Junaid sun yi sakaci da suka bar shi ba Hausa, su suka jawo har kaka da jika suke neman tafinta. Wannan maganar a kansu take, kuma idan sun karanta, da su nake.

Amma ita ma ɗiyarki ba ta yi miki rashin ladabi ba. Kunyar da ta hana ki kiran ta, ita ce ta sa ta aiko ƙanwarta. Kuma ki lura, da ba ta son ya zo, da ba ta aiko ba. Hanya take nema.

Shi kuwa yaron, ba Turancinki ya gudar wa ba. Malamai yana da su da yawa, masu ja masa jan biro kullum. Kakar da ta haifi uwarsa ke kaɗai ce. Ya rugo da babban labarin rayuwarsa, ya zaɓe ki ki fara ji, bai samu ya kai ƙarshe ba. Ko babba aka yi wa haka zai ja jiki. Saboda haka Asabar mai zuwa, ko bai zo waya ba, ki aika masa saƙon murya, ki ce kina ta tunanin ƙwallon nan, ya faɗa miki yadda aka ƙare. Idan ya amsa, ko ya karya kowace kalma, ki bar shi ya dire.

Ban ce ki zuba ido ba. Akwai gyaran da ba ya katse magana. Idan ya ce "I runned", ki zaro ido ki ce "You ran?", ki tambaye shi sai me ya faru. Ya ji daidai ɗin, labarinsa kuma bai tsaya ba. Yara a haka suke ɗauka, ta kunne, a hankali. Irin kuskuren nan ma alama ce ya gane ƙa'idar, bai dai gama sanin kalmomin da suka bauɗe mata ba, kuma zai sani.

Kin ce ba ki da wani Turancin. Hajiya, kina da shi, ajiye shi kika yi a jere ba ki taɓa ɗinka shi ba. Wadda ta san "went" da "saw" da "ate" ta iya ba da labari, don labari da su ake yin sa. Ki ba shi labarin kakansa da motocin dutse na Kalambaina, da makarantarku, da malamin nan mai rula. Idan za ki yi maganar gobe, ki faɗa masa inda za ku je da abin da za ku ci in ya zo. Harshenki zai sarƙe, zai yi miki dariya. Ki bar shi ya yi. Al'adar da ta sa miki kunyar 'yar fari ita ce ta ba ki wasa da jika, ke kuwa rabin kika riƙe kika bar rabi. Ki tsokane shi, ki ce wane irin ango ne wannan da ba ya jin yaren amaryarsa, ba cefane ba gaisuwa. Kowace waya ki ba shi kalmar Hausa ɗaya ya ba ki ta Turanci. Zai ji daɗin zama malami.

Sai maganar zaman kaɗaici. Nauyin gidan nan duka ya yi wa ɗan shekara takwas yawa. Ilimin da ke kanki akwai masu neman sa ido rufe. Ba za a rasa 'yan mata masu shirin jarrabawar fita sakandare a unguwarku ba, da matan Islamiyya masu son koyon karatun boko. Ki shimfiɗa musu tabarma da la'asar, ban da rula. Su ne za su yi miki rerawar nan da murna, gidan kuma ya samu motsi.

Game da ɗiyarki, ba sai kin kira sunanta ba, ba kuma sai kin yi doguwar magana ba. Amma wannan karon kada ki bi ta kan Mariyatu. Idan ta kira kun gama gaisuwa, shirun nan ya zo, ki ce mata saƙo ya iso, kin ji, a faɗa wa yaro babu darasi a gidan Inna, kuma kina son ganin su, har da ita. Zai yi miki nauyi a baki, na sani. Ina kyautata zaton ta daɗe tana jiran ta ji haka daga gare ki.

Kada ki matsa a kawo shi dole. Ki gyara wayar tukuna, hutun zai biyo baya, in ba wannan ba na gaba. Idan ya zo kuma, ki cika alkawari.

Allah ya sanyaya miki rai, ya ƙara lafiya, ya nuna miki ranar da za ki rasa inda za ki sa kanki don surutunsa a tsakar gida.

Taku, Jamilatu.