Takardar da Inna Ta Adana a Akwati

Assalamu alaikum, Yayata.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan wasiƙa ta same ki lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyunki, ya kuma sauke ki lafiya, don Inna ta ce watanki ya kusa kamawa. Inna tana nan tana fama da gwiwarta, Auta ta fara koyon saƙa, ni kuma ina shagon kayan gyaran mota, bakin nan nawa bai mutu ba. Sai dai wanmu Dogo ba lafiya, kuma maganar ta shafe ki.

Wata uku ke nan ƙafafunsa suka fara kumbura, takalmi ya daina shiga, taka keken ɗinki ma ya gagara. Da safe fuska ta yi suntum, fitsari kuma kumfa kamar an zuba sabulu. Kin san shi da zurfin ciki, wai zama ne ya yi masa yawa. Kawu ya ce jifa ne, na ce to wa zai ɓata jifansa a kan telan da ko bakin wando ba ya daidaitawa. Da faɗa na ja shi asibiti. Likita ta ce ƙodarsa ce ke zubar da abin da ya kamata ta riƙe, kuma tushen abin ciwon hanta ne, wanda suke kira nau'in B, da ya daɗe a jininsa bai yi motsi ba. Ta tambaya ko ba a taɓa gaya masa ba. Ya ce a'a.

Ashe an gaya masa, Yaya, a rubuce! Kin tuna shekara takwas da suka wuce, da ya je ba maƙwabcinmu jini, aka ɗibi kaɗan aka sallame shi da takarda mai hatimi? Inna ta ɗauka ta yabo ce, ta naɗe ta a leda ta sa a ƙasan akwati. Lokacin ba mai karatu a gidan. Jiya ta ciro min ita tana alfahari. Ni da na koyi haɗa baƙi a jikin kwalayen shago, kuna min dariya, na karanta layi biyu: an ga cutar, a koma a ga likita. Wanda ya miƙa wa mutum wannan bai buɗe baki ya yi masa bayani ba, Allah ya isa. Ban iya gaya wa Inna abin da ta adana ba.

An ɗora Dogo a kan magani kullum, likita ta ce sai a ga yadda ƙodar za ta amsa. Ta ce ba a ɗauka ta cin abinci a kwano ɗaya, amma sau da yawa daga uwa ake samu wajen haihuwa. An gwada Inna, tana da shi. Auta ta tsira. Saura ni da ke. Don girman Allah ki je a gwada ki da yaran kafin ki haihu, ki gaya wa ungozoma, don akwai allurar da ake yi wa jariri a ranar farko. In suka ba ki takarda, kada ki motsa sai sun faɗa miki da baki abin da ke ciki.

Ni ma an ɗibi nawa jinin. Sakamakon yana aljihuna kwana huɗu, a ninke. Ba abin da ke wuce ni ban karanta ba, har jikin ledar burodi, amma wannan na kasa. Tsoro nake ji, Yaya. Ranar da kika aiko cewa kin je, ranar zan buɗe, don haka kada ki daɗe da ni a haka.

Inna, Dogo, Auta da Kawu suna gaishe ku. Ki shafa min kan 'yan biyu.

Ƙaninki,
Sarkin Tsiwa