Ka Tari Zarami a Filin Jirgi

Kazaure,
12 ga Agusta, 1978.

Zuwa ga Baffa Mele,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna Shatu da yara. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, amin. Mu nan sai godiyar Allah. Damina ta yi kyau, gero ya fara fitar da kai, amma gidanmu ya yi shiru. Na san wayar da ɗan'uwana Lauwali ya buga maka ta isa, ka ji rasuwar Baba Kura, yayanka kuma mahaifinmu. Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Roƙona shi ne kada ka taso ta'aziyya tukuna, sai ka karanta dalili.

Ƙanena Zarami ba ya ƙasar, kuma har yanzu bai sani ba. Tun watan jiya aka zaɓe shi cikin ƙungiyar ƙwallo ta matasa, suka tafi ƙasar Gana gasa. Yaro ɗan shekara goma sha shida da ko Kaduna bai taɓa zuwa ba, sai ga shi a jirgin sama. Duk garin murna ake yi, ban da Baba. Ya ce ba za a bar masa gona a tsakiyar noma don guje-guje da gajeren wando ba. Malamin wasanninsu ya zo har sau biyu yana ba da haƙuri, a ƙarshe Baba ya dangwala hannu a takardar, amma ya ce amincewarsa kawai ya bayar, ban da albarka. Ranar tafiya Zarami ya durƙusa a ƙofar ɗakinsa ya daɗe yana sallama. Baba ya fito da fartanya a kafaɗa, ya wuce shi ko kallo babu, ya hau keke ya nufi gonarsa ta garin Gwiwa. Ni na raka yaron tasha. Har mota ta tashi yana leƙen hanya.

Kwana tara da tafiyarsa zazzaɓi ya kwantar da Baba. Muka kai shi asibiti, aka yi allura, jiki ya ƙi. Ranar Laraba da hantsi ya ɗan samu sauƙi, ya kira ni ya tambaya wai me Zarami yake yi a cikin filin. Na ce masa shi ne mai tsaron gida, shi ke hana a ci su. Baffa, sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce ashe duk wannan rigima gadi ya tafi yi. Sannan ya ce in shaida, Ya Kura mahaifiyarmu ma ta shaida, ya yafe wa Zarami duniya da lahira, Allah ya yi masa albarka, kuma kada ya bari a ci su. La'asar ba ta yi ba ya cika.

Dangi sun rabu biyu. Kawu Sama'ilu na Babura ya ce a buga waya Gana a dawo da yaron. Ya Kura ta ce a'a, dawowarsa ba za ta tayar da wanda ya kwanta ba, kuma ba za ta yarda ɗanta ya ji mutuwar ubansa a bakin baƙi, a ƙasar da ba mai riƙe masa hannu ba. Tun daga ranar ba ta cin abin kirki. Jiya wasiƙar Zarami ta iso, har da hoto. Ya ce sun ci wasa biyu, kuma ya sayo wa Baba bargo saboda ciwon ƙafarsa, yana tambayata ko fushin ya sauka. Ban iya karanta wa Ya Kura wannan layin ba, tsallake shi na yi.

Ya rubuta cewa za su sauka a Legas ranar ashirin da biyu ga wata. Don Allah, Baffa, tunda kana zaune a can Legas, ka tare shi a filin jirgi. In ya iso Kano shi kaɗai, direbobin Kazaure za su yi masa ta'aziyya a tasha kafin ya ajiye jaka. An ce in ba uwa a yi uwar ɗaki, kai ne ubansa yanzu. Ka kai shi gidanka, ya ci abinci, ya yi salla. In ka tashi magana, ka fara da yafiyar, ka faɗa masa yadda Baba ya yi dariya. Sai ya ji wannan ya zauna masa a zuciya kafin ka faɗi sauran. Daga nan ku taho tare.

Ya Kura tana gaishe ka, da Lauwali da Saude da mutanen Roni. A gaida Inna Shatu da Daudu da ƙannensa. Allah ya kawo ku lafiya.

'Yarka,
Bintu Baba Kura