Farin Saƙin Kaka da Akushin Inna

Urafane, watan Sha'aban, 1985

Zuwa ga Yaya Zara'u, a Kwatano.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙane ga yayarsa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da jaririn da muka ji an samu. Allah ya raya shi, ya tsare ku da sharrin baƙunta. Mu nan da sauran numfashi. Kawu Manzo yana fama da ƙafa, matarsa Hindu da yaranta sun rame amma suna tsaye. Rabin unguwarmu sun yi kudu. Jar dawar taimako sai an yi layi tun hantsi a gaban soji, wani lokaci ka dawo da buhunka a ninke.

Yaya, ki yi haƙuri. Kaka Shatu ta rasu ran Talatar da ta wuce, bayan la'asar. Ta cika da kalmar shahada, kanta a cinyar Hindu. Allah ya jiƙanta. Akwai kuma magana ta biyu, wadda ba na so ki ji a bakin kowa sai nawa: kayan ɗakin da kika bar mini amana babu su, kuma ni na bayar.

Kin san farin saƙin da take ɓoyo a adudu da saiwar jema, wanda ta kaɗa zarensa da mazarinta, daga audugar bayan gida, ta ce shi ne likkafaninta. To, akwai wani dillali a Tasawa, Maikuɗi, wanda farin nan da yunwa suka yi wa rana. Yana bin ƙauyuka da jaki yana kwashe akussa da ƙorai da gwaduna, yana ba mata gero tiya ɗaya tiya biyu. Wai wata nasara, Baturiya, a Maraɗi ke tara su, tana jera su a bango tana kallo. Akushi a bango, Yaya! Mu mun rasa abin zubawa a ciki, ita ta rasa abin kallo. Sau biyu ina korarsa daga ƙofar gida. Ran da na tafi layin dawa ya zo na uku.

Na dawo na tarar da yaran Hindu suna shan kunun gero, gero na gaske. Na tambayi inda aka samo shi, kowa ya sunkuyar da kai. Kaka ce ta yi dariya ta ce angon nata ya cika bincike, miji marar kawo cefane ba ya tambayar tukunya. Ashe farin saƙin ta ba Maikuɗi. Ta ce gawa ba ta zaɓen zane. Amma kwana biyu ina ganinta tana buɗe adudun nan, ta sa hannu, ta rufe. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Na taka har Tasawa. Na same shi a rumfa yana shafa wa sabon akushi toka da mai don ya tsufa. Na ce ya ba ni saƙin, zan yi masa noma in ruwa ya sauka. Ya ce ba ya cin alkawarin ruwa, kuma nasarar ta riga ta gani ta yaba, sai in na kawo abin da ya fi shi. Sai ya ambaci baƙin akushin marigayiya Innarmu, mai ɗinkin waya a baki, da ƙoranki masu zane, da tasoshin jan ƙarfe. Ashe ya daɗe da ƙyalla ido a kansu. Kin san bakina. Na ce masa ungulu ma tana jira a mutu kafin ta sauka. Na faɗi wasu da ba za su rubutu ba, har wani soja ya ɗaga mini bulala ya ce in bar kasuwar. Na bari. Zagin bai dawo da ko zare ɗaya ba.

Na yi tunanin rubuto miki in nemi izini, amma takarda wata guda take yi a hanya, Kaka kuwa ta daina tashi. Na kwance jerenki da hannuna. Da na ɗauki akushin sai na tuna yadda Inna take kwashe mana tuwo a ciki, ke ki ja gefen miya, ni in yi kuka. Na ɗora a kai na koma. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce ɗinkin wayar nan shi nasara ta fi so. Na karɓi saƙin na juyo, ba zagi ko ɗaya. Ki gaya wa duk wanda ya san ni, ba zai yarda ba.

Da na shimfiɗa mata saƙin ta ɗauka ta shinshina, ta daɗe. Sannan ta hau ni da faɗa, wai na ba da kayan mai rai don na matacce, ban da hankali tun ina goye. Tana faɗan tana riƙe da shi a ƙirji. Washegari ta sa Hindu ta kawo aska, ta farke ƙwarya biyu, wato layi biyu na saƙin, daga gefe. Hindu ta ce kada ya gaza. Kaka ta ce ta auna shi lokacin tana da jiki, yanzu yunwa ta rage ta, rabi ma ya ishe ta. Ta ce a kai miki ki yi majanyi. Kwana tara ta ƙara. A cikinsa muka sa ta, kuma ya isa, har da saura.

Ba zan ce miki na yi daidai ba. Kayan naki ne, na Inna ne, kuma ba za su dawo ba. In kin yi fushi ki rubuto, zan karanta duka, ko da sannu-sannu nake haɗa baƙaƙen. Abin da ya rage miki ludayi ɗaya ne da maburgi, su ma don ya ce ba su da ado.

Kawu Manzo da Hindu suna yi miki ta'aziyya. Ki gaishe da maigida, ki shafa mini kan yaron. Majanyin yana hannun Sidi direba tare da takardar nan. Kada ki wanke shi da wuri, har yanzu yana ƙamshin adudunta.

Ƙanenki mai neman gafararki,
Namadi